Layin Fitilun Gidanku Waya Biyu Ne Ko Uku? Karanta Wannan Kafin Ka Ja Soket Ko Ka Sa Fitilar Ƙarfe



Yau za mu ɗan matsa daga cikin wayar hannu zuwa bangon da take shan caji. A gidaje da dama, daga Roni zuwa Kazaure, Gwiwa da Babura, idan aka kwance mazaunin ƙwan fitila za a tarar wayoyi biyu ne kacal suka shigo, ja da baƙa. Ta ukun, wadda masu gyaran wuta ke kira atin, babu ita. Fitila tana kamawa, fanka tana juyawa, saboda haka babu wanda ya damu. Matsala tana farawa ne ranar da aka ɗaura wani abu na ƙarfe a wannan layin, ko aka ja soket daga jikinsa don a samu wajen caji kusa da gado.

Don kada mu rikice: duk inda na ce waya a nan, ta wuta nake nufi. Wadda kake riƙe da ita zan kira ta wayar hannu.

Wayoyi uku da aikin kowace

Wutar da KEDCO ke kawowa gidajen Jigawa, Kano da Katsina bolt 230 ce a ƙa'ida. Cikakken wayarin yana da waya uku:

1. Layif: ita ke ɗauko wuta zuwa fitila. Ja ce, a sababbin kebul kuma ruwan ƙasa.
2. Nutural: ta nan wutar ke komawa. Baƙa ce, ko shuɗiya.
3. Atin: koriya ce, ko kore da rawaya. Ana ɗaure ta a jikin ƙarfen fitila ko fanka, ta bi har akwatin raba wuta, daga nan zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa.

Biyun farko su ke kunna fitila. Atin ba ta ɗaukar komai a ranar da lafiya lau. Kamar ajiyar hotunanka ce a Google Drive: za ka shekara ba ka tuna da ita ba, sai ranar da wayar hannunka ta faɗa ruwa. Idan robar layif ta goge ta taɓa jikin ƙarfen fitila, atin ce ke bai wa wutar hanyar zurarewa ƙasa, har abin da aka sa don ya yanke wuta ya gane an samu matsala ya yanke.

Idan babu ita fa?

Jikin fitilar zai ɗauki bolt 230 ya zauna shiru. Babu tartsatsi, babu wari, fitilar ma tana ci gaba da haske. Wutar tana jiran hanya ne kawai, kuma wanda ya fara taɓawa yana tsaye a kan siminti babu takalmi, shi ne hanyar.

Ga lissafin. Ana auna yawan wutar da ke gudu da amfiya, kuma amfiya 1 miliamfiya 1,000 ce. Mutum yana fara jin tsikari daga kusan miliamfiya 1. Idan ta haura 10, hannu yana iya ƙanƙamewa ya kasa saki. Daga 30 zuwa sama, idan ta ɗan jima tana ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Jikin mutum mai gumi ko jiƙaƙƙen hannu yana tare wuta da kimanin om 1,000. Raba 230 da 1,000, za ka samu miliamfiya 230. Ta ninka adadin haɗari fiye da sau bakwai.

To bireka fa? Birekar layin fitilu yawanci amfiya 6 ce ko 10, wato miliamfiya 6,000 ko 10,000. A wajenta miliamfiya 230 bai kai abin da tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ke ja ba. Ba za ta motsa ba. An yi bireka da fis ne don su kare waya daga zafi da gobara. Balle a gidan da fis ya taɓa ƙonewa aka naɗa masa zaren waya mai kauri.

Me ya sa ake yin layin fitilu da waya biyu?

Abin yana da tarihi. Tsarin wayarin ɗinmu daga Ingila muka gaje shi, shi ya sa soket ɗinmu mai baki uku iri ɗaya ne da nasu. A can ma, sai a bugu na 14 na ƙa'idojin wayarin, wanda ya fito a 1966, aka wajabta kai atin kowane mazaunin fitila. Har yau masu gyaran wutarsu suna cin karo da tsofaffin gidajen da babu ita. Hujjar da ita ce, mazaunin ƙwai da makunni duk na roba ne, babu ƙarfen da hannu zai taɓa.

A wajenmu akwai ƙarin dalili: kuɗi. Jan ƙarfe yana da tsada, rage waya ɗaya cikin uku kuwa ragi ne da mai gini ke gani a aljihunsa. Sannan gidajenmu a hankali suke girma. Yau a ƙara ɗaki, gobe a yi shago a ƙofar gida, kowane kuma sai a jawo masa wuta daga fitilar da ta fi kusa.

Ƙa'ida dai tana nan. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin haɗa wuta a 2015, hukumar NEMSA da aka kafa da dokar 2015 kuma ita ke duba ayyukan wuta da bai wa masu wayarin takardar shaida. Amma abin da ke cikin gida bayan mita, nauyin mai gida ne.

Abin da ya sauya

Layin da aka yi don ƙwai ɗaya a mazaunin roba, yanzu ga abin da muke ɗora masa:

Fitilun zamani. Fitilun LED na silin ɗin POP, fitilun ado na falo, da manyan fitilun tsakar gida da ƙofar gida, da yawansu jikinsu ƙarfe ne, kuma suna zuwa da wajen ɗaure atin. Idan babu wayar, sai a naɗe wajen da salatif a wuce.

Fankar sama. Jikinta ƙarfe ne, kuma a layin fitilu ake jona ta. Ana taɓa ta wajen goge ƙura, sau da yawa a kan kujerar ƙarfe.

Makunni mai fuskar ƙarfe. Yana da kyau a ido, amma shi ne abin da kowa a gidan ke taɓawa kullum, har da wanda ya fito daga alwala.

Soket daga fitila. Ko dai ɗan abin nan da ake murɗawa a mazaunin ƙwai mai ramin caja a gefe, ko kuma soket mai baki uku da aka ja daga fitila. Cajar wayar hannu ta asali ba ta buƙatar atin, domin an yi mata rufi biyu a ciki. Haɗarin shi ne, soket ɗin yana nuna baki uku alhali na saman fanko ne. Kai caja ka sa, gobe ƙanwarka za ta jona dutsen guga ko hitar ruwa. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan sama da amfiya 4, jikinsa ƙarfe ne, ga shi wayar layin fitilu siririya ce, milimita 1 ko 1.5, alhali ta soket 2.5 ce.

Rufin kwano. Wayoyin fitilu a ƙarƙashinsa suke bi. Zafin bazara yana busar da robar, ɓera yana gwaguya, bakin kwano yana yanka. Idan layif ta taɓa kwano, duk abin da ke haɗe da shi ya ɗauka: ƙofar ƙarfe, taga, har wayar shanya da aka ɗaure a jikinsa. Da damina abin ya fi muni, domin ƙasa a jiƙe take.

Alamomin da za ka lura da su ba tare da ka kwance komai ba

Jin ɗan tsikari a jikin makunni, ƙofa ko fanka. Ruwa ba ya tsami banza. Kada ka sake taɓawa don ka tabbatar.

Jin kamar kaɗawa a jikin laftof mai ƙarfe idan tana caji da caja mai baki uku. Sau da yawa alama ce ta soket marar atin.

Sikirin ɗin wayar hannu yana danna kansa idan tana caji. Wannan ya fi nuna jabun caja. Sauya ta, domin jabun caja tana iya bari wutar bango ta tsallako har jikin wayar hannun.

Ƙwan LED yana ɗan haske ko ƙiftawa bayan an kashe. Yana iya zama makunni mai 'yar fitila ne ya jawo, amma yana iya nufin an sa makunnin a kan nutural maimakon layif. Idan haka ne, mazaunin ƙwan yana da wuta ko da an kashe. Shi ya sa idan za ka sauya ƙwai, kashe daga akwatin raba wuta ya fi.

Akwai 'yar na'urar gwada soket mai fitilu uku da ake sakawa kamar caja. Tana nuna idan babu atin ko an juya wayoyi. Tana da amfani, sai dai ba ta gane atin na bogi da aka haɗa da nutural. Tasta mai kamar sukudireba ita ma tana yaudara: tana iya kamawa kaɗan a ƙarfen da ba shi da matsala, tana iya ƙin nunawa a cikin hasken rana. Ka ɗauki kamawarta a matsayin gargaɗi, amma rashin kamawarta ba shaidar lafiya ba ce.

Mafita, daga mafi kyau zuwa ta wucin gadi

Ta farko: a ja atin. Idan wayoyin a cikin bututun roba suke a bango, mai gyara yana iya zura koriyar waya ta bi kowane mazaunin fitila da kowane makunni ba tare da an fasa bango ba. Idan kebul ne aka buga da kilif a saman bango, a sauya shi da mai waya uku. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne kafin a rufe silin. Idan gidanku ana shirin yin POP ko gyaran ɗakin amarya, yanzu ne lokacin magana.

Ta biyu: a sa RCD mai miliamfiya 30 a akwatin raba wuta. A kasuwa za ka ji ana ce mata ELCB ko RCCB. Aikinta shi ne ta riƙa kwatanta wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. Idan an samu giɓin da ya kai miliamfiya 30, ta san wutar ta bi wata hanya, sai ta yanke cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Duba jikinta da kyau, 30mA za ka gani. Mai 100mA ko 300mA don gobara aka yi ta, ba ta isa kare mutum ba.

RCD tana aiki ko a layin da babu atin, amma da bambanci. Idan akwai atin, za ta yanke tun lokacin da wayar ta taɓa ƙarfen, kafin kowa ya zo. Idan babu, sai wutar ta bi ta jikin mutum sannan ta gane. Zai ji jan, amma an taƙaita lokacin. Kuma ba ta kare wanda ya riƙe layif da nutural a lokaci ɗaya, ba ta kare kayanka daga tsawa ko wuta mai ƙarfi.

Ta uku: kafin kuɗin ja atin su samu, a mayar da layin yadda aka tsara shi tun farko, wato babu ƙarfe a kansa. Mazaunin ƙwai na roba, makunni na roba, fitilu masu rufi biyu. Alamarsu ƙaramin murabba'i ne a cikin babban murabba'i, a jikin kwali ko bayan fitilar. A cire duk soket ɗin da aka ja daga fitila. A liƙa takarda a akwatin raba wuta cewa wannan layin ba shi da atin, kada a sa masa ƙarfe. Irin shawarar da ake bai wa masu tsofaffin gidaje a Ingila ke nan, tare da RCD. Fanka kuwa, tunda jikinta ƙarfe ne, ita ce ta farko da ya kamata a kai wa atin.

Sandar ƙasa da irin ƙasarmu

Koriyar waya ba ta da amfani idan ƙarshenta bai kama ƙasa da kyau ba. Nan ne yankinmu ke da tasa matsalar. Roni, Kazaure da Gwiwa ƙasar duwatsu ce da tsakuwa, wajen Babura kuma yashi ya fi yawa. Dutse da busasshen yashi duk ba sa wuce da wuta da sauƙi.

A ɗauka an kafa sanda, aka auna ta ba da om 50. Idan layif ta taɓa jikin fanka, wutar da za ta zurare ita ce 230 a raba da 50, wato amfiya 4.6. Birekar amfiya 6 ba za ta yanke ba, jikin fankar kuma zai ci gaba da zama da wuta. RCD kuwa nan take za ta yanke. Ka ga ke nan sanda da RCD tare suke tafiya, ɗaya ba ta wadatar da ɗaya.

Sandar da aka fi samu a kasuwa ƙafa 4 ce, kimanin mita 1.2. A ƙasa mai dutse, ɗaya ba lallai ta isa ba. Ana iya kafa biyu ko uku da tazara a haɗa su, a wajen da ke riƙe danshi. Gawayi da gishirin da ake zubawa a ramin suna taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma yana wanke shi. A bar mahaɗar a inda za a iya buɗewa a duba. Awon da ya fi gaskiya shi ne na watan Maris ko Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙarau. Wanda aka yi a Agusta zai faranta maka rai ne kawai.

Abubuwa huɗu da ba a yi

1. Haɗa wajen atin da nutural a bayan soket ko fitila. Ranar da nutural ta tsinke a wani waje, ko aka juya wayoyi a fol ko a mita, jikin kayan zai ɗauki cikakkiyar wuta.
2. Ɗaure atin a famfo, ƙarfen taga, kwano ko ƙusa a bango. Bututun ruwa yanzu na roba ne, sauran kuma yaɗa haɗarin kawai za su yi.
3. Amfani da atin a matsayin nutural. Wannan ya shafi masu son makunnin da ake sarrafawa da wayar hannu, irin su Sonoff da Tuya. Da yawansu suna buƙatar nutural a wajen makunni, tsohon wayarin kuma layif kawai yake kaiwa can. A ja nutural, ko a sayi nau'in da ba ya buƙatarta.
4. Cire RCD saboda tana yawan yankewa. Idan tana yankewa, wani waje yana zubar da wuta. A nemo shi.

Janareta, inbata da sola

Wutar inbata da ta janareta bolt 230 ce, tana kisa kamar ta NEPA. Wasu ƙananan janareta da inbata ba a haɗa nutural ɗinsu da ƙasa ba, saboda haka RCD ba lallai ta yi aiki a kansu yadda take yi a wutar KEDCO ba. Mai gyara ya gwada kowace wuta daban. Maɓallin gwaji mai alamar T da ke jikin RCD lafiyar na'urar kawai yake nunawa, ba ya auna sandar ƙasa. Duk da haka a riƙa danna shi idan akwai wuta, aƙalla duk wata shida. Idan bai yanke ba, a sauya ta.

Ƙananan fitilun sola masu bolt 12 da ke tafiya kai tsaye daga batir ba sa jan mutum, ba sa buƙatar atin. Nasu haɗarin gobara ne, don haka a sa fis kusa da batir. Kuma kada a haɗa su a waya ɗaya da wutar gida.

Yadda za ka yi magana da mai gyara

Wannan bayanin don ka san abin da za ka tambaya ne. Aikin kansa na wanda ya koya ne, kuma bidiyon YouTube ba ya maye gurbinsa. Nemi mai takardar NEMSA, ko aƙalla wanda ya karanci fannin, kamar waɗanda suka fito daga kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure, kuma yana da na'urar awo. Ka tambaye shi cikin ladabi:

"Injiniya, don Allah layin fitilun nan akwai atin a kowane mazauni?"

"Makunnan a kan layif suke ko nutural?"

"Ina sandar ƙasar gidan take, kuma om nawa ta bayar?"

"RCD ɗin da za ka sa, mai miliamfiya nawa ce?"

Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayoyin. Wanda ya ce maka fitila ba ta buƙatar atin alhali fitilar ƙarfe ce a hannunsa, ka nemi wani. Wajen sayen waya kuma a duba mai shaidar SON, domin akwai wadda aka shafa wa ruwan jan ƙarfe a sama kawai. Araha ba ta ado.

Idan gidan na Baba ne ko na haya, kada ka fara da maganar sake wayarin gaba ɗaya, za a ce ka kawo kashe kuɗi. Fara da mai sauƙi: "Baba, akwai wata na'ura da ake sawa a akwatin wuta, idan wuta ta kama yaro sai ta yanke da kanta." Daga RCD a fara, sauran su biyo baya. Ɗalibin da ke ɗakin haya kuma, abin da ke hannunsa shi ne ya bar jona dutsen guga da hita a soket ɗin fitila, ya sayi caja ta asali, kuma ya daina danna wayar hannu tana caji da jiƙaƙƙen hannu.

Idan wuta ta kama wani

Kada ka taɓa shi da hannu. Kashe wutar daga akwatin raba wuta ko canjoba. Idan ba za ka kai ba, ka tsaya a busasshen waje ka ture shi ko wayar da busasshen katako ko kujerar roba. Idan ba ya numfashi, a fara danna masa ƙirji da ƙarfi a kai a kai, a nemi abin hawa. Ko da ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin matsalar zuciya tana iya bayyana daga baya. Kowa a gidan, har mata da yara masu wayo, ya san inda ake kashe wutar gida.

Yau da dare idan ka koma gida, haska tocilan ɗin wayar hannunka ka zaga: ƙirga fitilu da makunnan ƙarfe, duba ko akwai soket da aka ja daga fitila, sannan ka leƙa akwatin raba wuta ka ga ko akwai abin da aka rubuta wa 30mA. Abin da ka gani shi za ka kai wa Injiniya.

Allah Ya kare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.